Matakan kariya ne suka dusashe tseren motoci masu tayoyi a waje?

Tambayar da aka aiko ita ce: tsofaffin masu bin tseren motoci suna cewa gasar motocin nan masu tayoyi a waje, irin ta IndyCar a Amurka, ta lalace ne saboda an cika ta da dokokin kare direba har ta daina ɗaga hankalin mai kallo. Shin haka ne? Kuma ana iya tsare ran direba ba tare da an kashe armashin gasar ba?

Malam, koma-bayan gaskiya ne, amma an ɗora laifin inda bai dace ba. Rigimar shugabanci ce ta karya wannan gasa a Amurka, kuma ta yi hakan ne a shekarun da direbobi ke mutuwa a kai a kai, tun kafin mafi yawan kayan kariyar da ake ƙorafi a kansu su zo. Ka kuma lura cewa Formula 1, wadda ita ma tayoyinta a waje suke kuma dokokinta na kariya suna da tsauri sosai, ta bunƙasa a cikin Amurkar tun bayan da kamfanin Liberty Media ya saye ta a 2017. Yau tana da tsere uku a can: Austin, Miami da Las Vegas. Da kariya ce ke korar 'yan kallo, da ita za ta fara rasa su.

Ga yadda abin ya faru. Tun 1911 ake gudanar da Indianapolis 500, tseren mil 500, zagaye 200 a fili mai tsawon kusan kilomita huɗu, motoci 33. Shi ne uwa uba a harkar. A 1979 masu ƙungiyoyin tsere suka ɓalle daga hukumar USAC, mai kula da gasar a lokacin, suka fara tasu gasar mai suna CART, amma suna zuwa Indianapolis kowane watan Mayu. Zuwa farkon shekarun 1990 gasar ta yi ƙarfin da Nigel Mansell, bayan ya ci kambun Formula 1 a 1992, ya tsallako ya ci na CART a 1993. Sai dai Tony George, jikan gidan da ya mallaki filin Indianapolis, bai gamsu ba. Ƙorafinsa shi ne tsada ta yi yawa, direbobin waje masu zuwa da kuɗin masu ɗaukar nauyi sun mamaye kujeru, kuma ana ta komawa tsere a titunan gari ana barin filayen da'ira. Yana da hujja a hannu: Jeff Gordon, wanda ya yi ƙuruciyar tserensa a jihar Indiyana, bai samu kujera a CART ba ya tafi NASCAR, gasar motoci masu jiki a rufe, ya zama tauraro.

Maganin da George ya kawo ya fi cutar illa. Ya kafa tasa gasar, IRL (ita ce ta zama IndyCar ta yau), wadda ta fara a 1996, ya kuma keɓe gurabe 25 daga cikin 33 na Indianapolis 500 ga masu bin gasarsa. CART ta yi fushi ta shirya nata tseren mil 500 a Michigan a rana guda, 26 ga Mayu 1996, inda manyan direbobinta suka yi karo da juna tun kafin a ɗaga tutar farawa. Daga nan aka shiga shekara goma sha biyu ana jan zare: ɓangare ɗaya na da sanannen fili ba sanannun direbobi, ɗayan na da taurari da motoci masu kyau ba shi da tseren da duk ƙasar ta sani. Mai kamfanin da ke son ya liƙa sunansa a jikin mota sai ya rasa inda zai zuba kuɗinsa. Tashoshin talabijin ma haka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: NASCAR, wadda George da kansa ya buɗe wa ƙofar Indianapolis a 1994, ta kwashe 'yan kallo da masu talla da matasan direbobi, har da Tony Stewart wanda ya ci kambun IRL a 1997. Ƙungiyar Penske ta koma IRL a 2002, ƙungiyar Ganassi da kamfanonin inji Honda da Toyota suka bi a 2003, CART ta durƙushe a ƙarshen shekarar, abin da ya rage nata ya ci gaba da sunan Champ Car har aka haɗe a 2008. Aka haɗe daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya shiga matsi, kuɗin kamfanonin taba da suka daɗe suna riƙe manyan ƙungiyoyi ya kusa ƙarewa, sannan mafi yawan tserukan suka koma wata ƙaramar tashar kebul daga 2009. Yaran da suka taso a waɗannan shekarun ba su san sunan zakaran gasar ba.

A cikin wannan lokacin kuma aka rasa direbobi Scott Brayton da Jeff Krosnoff a 1996, Gonzalo Rodríguez da Greg Moore a 1999, Tony Renna a 2003, Paul Dana a 2006. Alex Zanardi ya rasa ƙafafunsa biyu a Jamus a 2001. 'Yan kallo uku suka mutu a Michigan a 1998, wasu uku a Charlotte a 1999, duk saboda taya da tarkace da suka tsallake raga. Haɗari ya kai maƙura, masu kallo kuma suna raguwa.

Yanzu ga ɓangaren fasaha, don a nan ne rabin tambayarka na biyu yake.

Abin da ya sa irin wannan mota ta bambanta da motar da ke da jiki a rufe shi ne abin da ke faruwa idan taya ta taɓa taya. Bayan tayar motar da ke gaba yana juyawa ne zuwa sama, gaban tayar motar da ke biye kuma yana juyawa zuwa ƙasa. Da sun haɗu, ta baya sai ta hau ta gaba. Hancin mota na ɗagawa kaɗan, iska ta shiga ƙarƙashin shimfiɗaɗɗen cikinta, sai motar da aka ƙera don iska ta danna ta ƙasa ta koma abin da iska ke ɗagawa sama. A gudun kilomita 370 a sa'a, mota na cin kusan mita 103 a daƙiƙa guda. Direban da ya fi kowa saurin lura zai shafe mita ashirin da wani abu kafin ƙafarsa ta motsa. Ƙarfin bugu kuma ba ya ƙaruwa daidai da gudu, yana ƙaruwa ne da gudu sau gudu, don haka daga 300 zuwa 370 ƙarfin da za a buga bango da shi ya ƙaru da fiye da rabi.

To me ke sa motoci su cunkushe taya kusa da taya a irin wannan gudun? Ba jarumtaka ba ce, saitin mota ne. Motocin IRL suna da manyan fukafukai masu danna su ƙasa sosai, ga inji mai matsakaicin ƙarfi, ga filaye masu tsawon mil ɗaya da rabi masu kwana a karkace waɗanda aka gina don manyan motocin NASCAR masu nauyi. Sakamakon haka direba na taka totur har ƙasa ya zagaye filin duka ba ya ɗaga ƙafa. Idan kowa na iya yin haka, gwani da ɗan koyo gudunsu ɗaya. Wanda ya wuce gaba iska ta tare shi, na baya ya fake a bayansa ya kamo shi, ba mai iya tserewa. Ana ganin motoci jere biyu ko uku, tazarar taku guda tsakaninsu, tsawon sa'o'i biyu. A talabijin abin na da kyau, kuma an riƙa tallata shi a haka, amma caca ce. Kuskuren mutum ɗaya na kowa ne.

Ƙarshen wannan salon shi ne Las Vegas, 16 ga Oktoba 2011. An zuba motoci 34 a fili mai kilomita 2.4, kwanoninsa a karkace da digiri 20, kwaltarsa sumul ta yadda ko'ina layi ne. Aka sa Dan Wheldon, wanda ya ci Indianapolis 500 sau biyu, ya tashi daga can baya da alƙawarin dala miliyan biyar idan ya ci. A zagaye na 11 motoci biyu suka gogi juna, 15 suka shiga ciki, motar Wheldon ta tashi sama, ta yi tafiyar kusan mita 100 a iska, ta faɗa raga, kansa ya bugi turken ƙarfen da ke riƙe ta. Wannan mutuwa neman armashi ne ya jawo ta, ba akasin haka ba.

Ɗaya gefen ma an gwada shi. A Afrilun 2001 CART ta kai motocinta masu ƙarfin doki kusan 900 filin Texas mai karkatar digiri 24. Suka riƙa zagaye da fiye da mil 230 a sa'a, nauyin da ke danna jikin direba ya haura ninki biyar na nauyinsa a mafi yawan zagayen, jini na sauka daga kai zuwa ƙafa. Direbobi 21 daga cikin 25 suka shaida wa likita cewa suna jin jiri ko ganinsu na dusashewa. Aka soke tseren a safiyar ranar da za a yi shi, mutane sun riga sun fara shiga fili. A nan jikin ɗan Adam ne ya kafa iyaka, ba dokar kowa ba. Tarihin gudu na Indianapolis kuwa, mil 237.498 a sa'a da Arie Luyendyk ya kafa a 1996, yana nan har yau.

Wanda ke ganin haɗari ke sayar da tikiti, ya duba tseren IndyCar na filin Fontana a California a 2015. An sauya jagora sau 80 a tsere guda, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar, motar Ryan Briscoe ta yi adungure a ƙarshe, manyan direbobi suka fito suna faɗa cewa an dawo da su Las Vegas. Kujerun 'yan kallo kuwa kusan wayam. Daga wannan shekarar gasar ba ta koma can ba.

Kayan kariya ba iri ɗaya ba ne, kuma rashin bambance su ne ke kawo ruɗani. Akwai waɗanda aikinsu rage illar haɗari bayan ya auku. Waɗannan ba sa taɓa tseren ko kaɗan. Ɗauki abin wuyan nan da ake kira HANS. Bel na riƙe gangar jiki, amma kai da hular kwano, kimanin kilo shida, suna ci gaba da tafiya idan mota ta tsaya farat ɗaya. A bugun da ya ninka nauyin kai da hular sau 50, wuya na jan kilo 300, sai gindin ƙoƙon kai ya tsage. Abin da ya kashe tauraron NASCAR Dale Earnhardt ke nan a 2001. HANS wani ƙarfaffen abu ne da ke zama a kafaɗu ƙarƙashin bel, da igiya biyu da ke kama hular, sai nauyin ya koma ƙirji da kafaɗa. CART ta wajabta shi a filayen da'ira a 2001, Formula 1 a 2003. Haka katangar SAFER da injiniyoyin Jami'ar Nebraska suka ƙera aka fara kafawa a Indianapolis a 2002: bututun ƙarfe masu kusurwa huɗu a jere an haɗa su da walda, a bayansu dunƙulen soso mai tauri, sannan bangon siminti. Mota na bugu, ƙarfen ya lanƙwasa, soson ya matse, tsayawar da za ta faru cikin ƙiftawa guda ta ɗan ja lokaci, kuma wannan ɗan jinkirin ne ke raba karaya da mutuwa. Sai igiyoyin da ke ɗaure taya da jikin mota, waɗanda suka zo bayan mutuwar 'yan kallo a 1998 da 1999. Ba mai kallon da zai ce ɗaya daga cikin waɗannan ya hana wani wuce wani a kwana.

Kariyar kai ita ce aka fi yi wa surutu, don tana canza kamannin mota. Matashin direba Henry Surtees ya mutu a 2009 da taya ta faɗo masa a ka, a watan nan kuma wani sifirin mai nauyin ƙasa da kilo guda ya fasa wa direban Formula 1 Felipe Massa hula. Justin Wilson ya mutu a Pocono a 2015 da hancin wata mota ya sauko masa. Formula 1 ta kawo halo a 2018, baka ce ta ƙarfen titaniyam mai kimanin kilo bakwai da ke ɗaukar nauyin tan 12. IndyCar ta bi a 2020 da irin wannan ƙarfen haɗe da gilashin roba mai kauri, domin a filin da'ira ƙananan tarkace ma harsashi ne. Wannan kam yana da farashi, kuma gaskiya a faɗe shi: ya ƙara fiye da kilo 20 a sama kuma a gaba, inda injiniya ya fi ƙin nauyi, tayoyin gaba suka riƙa saurin cinyewa, zafi a cikin kujera ya ƙaru har sai da aka ƙara bututun iska zuwa hula. Mai kallo kuma ba ya ganin hannun direba kamar da. Amma bayan Romain Grosjean ya ratsa shingen ƙarfe a Bahrain a 2020 ya fito daga wuta da ƙafarsa, da Zhou Guanyu da motarsa ta kife ta ja da ka a Silverstone a 2022, masu sukar sun yi shiru.

Matakan da suka rage armashi da gaske su ne waɗanda suka cire hukuncin kuskure ko suka sauƙaƙa tuƙi. Babban misali shi ne shimfiɗa kwalta a gefen kwana maimakon tsakuwa ko ciyawa. Dalilinsa mai kyau ne: motar da birki ya ƙwace mata ta fi tsayawa a kwalta, tsakuwa kuma kan kifar da mota. Amma direban da ya zarce yanzu sai ya koma hanya bai rasa komai ba, alƙalai su zauna suna ƙirga wanda tayarsa ta haye farin layi. A tseren Formula 1 na Ostiriya na 2023 sai da aka duba irin wannan fiye da sau 1,200, sakamakon ƙarshe ya fito sa'o'i bayan an tashi. Haka nan bayan mutuwar Ayrton Senna da Roland Ratzenberger a Imola a 1994, an nemi rage gudun motocin Formula 1, har a 1998 aka ƙuntata faɗin mota aka tsaga tayoyi. Riƙon taya ya ragu, sai motoci suka ƙara dogara da fukafukai. Fiffike kuwa iska mai tsabta yake so. Da ka matso bayan wata mota ka shiga hargitsattsiyar iskarta, gabanka ya saki, ka kasa bin ta a kwana balle ka wuce. Shekara goma ana kukan rashin wuce juna saboda dokar da aka yi da kyakkyawar niyya. Nauyi ma ya taru: mafi ƙarancin nauyin motar Formula 1 ya tashi daga kilo 642 a 2013 zuwa 798 a 2022, ko da yake batir da injin haɗaka mai amfani da fetur da lantarki sun ci kaso mai yawa a ciki, ba ƙarfen kariya kaɗai ba.

Saboda haka ma'aunin da masu tsara doka ya kamata su riƙe ba "nawa za a bar haɗari" ba ne. Tambayar ita ce ko direba na ɗaga ƙafa. Idan inji ya fi ƙarfin riƙon taya, dole ya saki totur ko ya taka birki kafin kwana, kuma inda ake taka birki nan ake wuce juna, nan gwani ke bambanta da saura. Gudun cikin kwana, inda bango yake, yana raguwa ko da na miƙaƙƙiyar hanya ya ƙaru. Motoci na warwatsuwa, wanda ya yi kuskure shi kaɗai ya biya. Hanyar kai wa ga haka sananniya ce: a rage fukafukan sama, a samo mafi yawan dannin daga ramukan ƙarƙashin mota waɗanda iskar motar gaba ba ta cika lalata su ba, a kuma yi tayar da ke raguwa da riƙo sannu a hankali, ta yadda mai sabuwar taya da mai tsohuwa za su sami bambancin gudu. IndyCar ta bi wannan hanyar da sabon jikin mota a 2018, Formula 1 ta bi a 2022.

Sai dai saitin siriri ne, kuma a nan ake yawan faɗuwa. A rage danni fiye da kima a gajeren fili, layi ɗaya kaɗai zai yi aiki, motoci su bi juna kamar jerin gwano. Kwalta ma na da nata: a Texas, wani sinadarin ƙara riƙo da aka shafa a layin sama don motocin NASCAR ya zama santsi ga tayoyin IndyCar, layi na biyu ya mutu na wasu shekaru. Abin da ya yi daidai da sanyin dare ba zai yi daidai da zafin rana ba, don haka sai an gwada kowane fili da motoci da yawa a tare, ba mota ɗaya tana zagaye ita kaɗai ba. Gwaji kuwa kuɗi ne, abin da gasar ta fi rashi tun rabuwar.

Akwai kuma jarabar ƙirƙirar armashi da hannu. A Indianapolis 500 na 2023 an ɗaga jar tutar dakatar da tsere sau uku a zagayen ƙarshe-ƙarshe don kada a gama a bayan motar kariya, wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu bayan haɗari, aka saki motoci zagaye ɗaya tak da tayoyin da ba su gama ɗumi ba, Josef Newgarden ya wuce Marcus Ericsson. Jama'a sun yi ihu, amma duk sake tashi irin wannan tara motoci ne wuri guda a lokacin da kowa ya fi zafin kai. A ganina wannan ya fi kusa da tunanin da ya haifar da Las Vegas fiye da yadda masu shirya gasar za su so su yarda. A tseren nan ne kuma tayar Kyle Kirkwood ta tsinke ta tsallake raga, ta wuce gefen rumfar 'yan kallo ta faɗa kan wata mota a wurin ajiye motoci.

Raga ita ce matsalar da ba a warware ba har yanzu. An ƙera ta ne don ta hana mota shiga cikin jama'a, kuma tana yin wannan aikin, amma turaku da wayoyinta na kama motar da ta tashi su juya ta su yayyaga ta. Ita ta ji wa Kenny Bräck mummunan rauni a Texas a 2003, ta kawo ƙarshen tseren Dario Franchitti a Houston a 2013, ta bar Robert Wickens da lalurar laka a Pocono a 2018. Bango mai santsi da ake gani ta cikinsa zai fi, amma nauyinsa da tsadarsa a kewayen fili mai kilomita huɗu, da yadda zai tare iska da ƙarar inji, sun hana kowa yi. Shi ya sa ƙoƙarin ya koma kan hana mota tashi tun farko, da ƴan faifan da ke buɗewa idan mota ta juya baya da gyaran siffar ƙarƙashinta, musamman bayan motoci uku sun kife a atisayen Indianapolis na 2015.

Game da halin da ake ciki: Roger Penske ya sayi filin Indianapolis da gasar baki ɗaya a farkon 2020, tashar Fox ta karɓi nuna ta a 2025, kuma Indianapolis 500 na tara mutum fiye da 300,000 a rana guda. Abin da bai dawo ba shi ne sauran manyan filayen da'ira. Michigan ta fita bayan 2007, Pocono bayan 2019, Texas bayan 2023, Fontana kuwa an rufe ta. Wasu saboda tsoron haɗari, amma galibi saboda mai fili ba ya mayar da kuɗinsa, yayin da tseren cikin gari irin na Long Beach ke cika da mutanen da suka zo shagalin kwana uku. Kuma har yanzu ƙashin motar da ake tsere da ita, Dallara DW12, na 2012 ne, an yi ta ɗora masa gilashi da injin haɗaka a 2024 yana ƙara nauyi, kamfanonin inji biyu ne kacal, Honda da Chevrolet. Sabuwar motar da aka yi alƙawari za ta zo da kariyar kai a cikin ƙirarta tun daga tushe, wanda zai ba da damar zubar da nauyin da aka tara, kuma a kanta ne za a ga ko an bar wa inji ƙarfin da zai tilasta wa direba ɗaga ƙafa.